ABINCI DA MOTSA JIKI: LISSAFIN DA YA KAMATA KOWANE ƊAN KASUWA YA IYA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan)

 

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan ƙiba da abinci da motsa jiki. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ke zuwa dubiya asibitin UCH, ko yake zaman makoki a unguwar nan, ya san sunayen da muka fi ji a bakin likitoci yanzu, wato hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, ga iyali a nan ga iyali a gida Arewa duk shi suke kallo, sai ka ji an ce ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago. Jarin da ya yi shekara 30 yana tarawa sai ya ƙare a kuɗin magani da wankin ƙoda. Ajali kam na Allah ne, babu mai ja. Amma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

YADDA ZAMA YA CANZA MU

An kafa Sabo a 1916. Kakanninmu da suka zauna a nan fatake ne, 'yan goro da 'yan shanu. Waɗanda suka gabace su kuwa da ƙafa suke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, tafiyar watanni, kuma ko bayan jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 an daɗe ana koro shanu da ƙafa zuwa Kudu. Iyayenmu mata su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa a dutse, su ja ruwa a rijiya. Babu wanda ya taɓa ce musu su motsa jiki, domin neman abincin kansa motsi ne.

To mu fa? Ɗan canji yana kan benci tun hantsi har magariba. Mai shago yana kan kujera, yaro ke miƙo kaya. Direban tirela yana riƙe da sitiyari daga Ibadan har Sakkwato. Tafiyar da ba ta kai minti 10 ba sai an tsayar da acaba ko Keke. Inji ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa. Amma malmalar tuwon da kakanmu ke ci bayan ya wuni yana tafiya, ita muke ci, mun ma ƙara mata burodi da taliyar leda da lemon kwalba.

Abin kuma ba mu kaɗai ya shafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙibar da ta zama cuta, kuma a tsakanin manya abin ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. Akwai ma wani bincike da aka buga a 1997 wanda garin nan na Ibadan yake ciki. An auna baƙaƙen fata a Nijeriya da Kamaru, da tsibiran Karebiyan irin su Jamaika, da kuma Amurka. Masu hawan jini a Afirka ta Yamma kashi 16 cikin 100 ne, a Karebiyan kashi 26, a Amurka kashi 33. Asalin jama'ar ɗaya ne, abin da ya bambanta su shi ne yanayin zama da ci, kuma duk inda nauyin jiki ya ƙaru sai a ga hawan jini ya bi shi.

WACE ƘIBA CE TA ZAMA CUTA?

A wurinmu idan mutum ya ajiye tumbi sai a ce kuɗi sun zauna, idan ya rame a fara tambaya ko lafiya. To likitoci suna da ma'auni, kuma kowa zai iya yi da kalkuletar shagonsa. Ka hau sikeli ka san nauyinka da kilo. Ka auna tsawonka da mita, ka ninka shi da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fito. Alal misali mai tsawon mita 1.70, idan ya ninka zai sami 2.89. In nauyinsa kilo 90 ne, 90 a raba da 2.89 zai ba da 31. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai. Daga 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya yi yawa. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ake lissafa ta cikin cututtuka.

Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi nuna haɗari. Ka ari tef ɗin tela ka zagaya cikinka daidai wajen cibiya, ba can ƙasan tumbi inda ake ɗaure wando ba. Namiji idan ya kai inci 37, mace idan ta kai inci 31 da rabi, to a fara lura. Wanda ba shi da tef ya sami igiya ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya ninke ta biyu. In rabin igiyar bai zagaye cikinsa ba, tumbin ya wuce ƙa'ida. Dalilin da ya sa aka fi tsoron tumbi shi ne, kitsen ciki yana lulluɓe hanji da hanta, yana hana sinadarin insulin yin aikinsa na kwashe sukari daga jini. Ta nan ciwon sukari ke shigowa, hawan jini da ciwon zuciya su biyo baya. Saboda haka sirrin mutum mai ƙaton ciki shi ma bai tsira ba.

SHIGA DA FITA

Jiki kamar shago yake, akwai kayan da ke shiga akwai masu fita. Abin da ake auna ƙarfin abinci da shi sunansa kalori. In abin da ya shiga ya fi wanda aka kashe, jiki ba ya zubar da ragowar, sai ya kai ta sito, siton kuwa shi ne kitse. Kilo 1 na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700.

Yanzu ku duba farashin kaya. Giram 1 na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na sinadarin gina jiki da ke cikin nama ko wake shi ma 4, amma giram 1 na mai kalori 9 ne. Babban cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa ko man shanu ya kai kalori 120, ku ƙiyasta nawa ne a ludayin da ake kwarara wa shinkafa da wake. Lemon kwalba mai cikakken sukari yana da wajen giram 10 a kowane mililita 100, wato babbar roba mai rabin lita ta kai ƙaramin cokali 12 na sukari, kalori 200 ke nan.

A ɓangaren fita kuma, mai nauyin kilo 70 idan ya yi tafiya da sauri ta awa guda, abin da zai ƙona bai wuce kalori 280 zuwa 300 ba. Ma'ana lemon da ka shanye a minti 3 sai ka yi tafiyar kusan minti 45 kafin ka biya bashinsa. In kuwa kullum kana sha ɗaya a kan abin da jikinka ke bukata, cikin kwana 40 ka tara kuɗin kilo guda na kitse. Duk ɗan kasuwa ya san toshe ɓarna ya fi neman sabuwar riba sauƙi. Shi ya sa masana suka ce wajen sauke nauyi a sikeli, gyaran abinci ne ke ɗaukar kaso mafi girma.

Akwai kuma wani abin mamaki. A 2012 wani masani mai suna Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya, masu wuni a daji suna farauta da tonon saiwa. Da aka daidaita da girman jiki, sai aka ga kalorin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na ma'aikatan ofis a Turai da Amurka ba. Wato jiki yana da wayo, in ka kashe da yawa a nan sai ya tsuke a can. Ga shi kuma motsi yana buɗe ciki. Wanda ya yi gudu da safe ya dawo ya zauna gaban mai shayi ya ce a haɗa masa kauri da ƙwai huɗu da rabin burodi, ya mayar da abin da ya fitar har da riba.

WANE ABINCI ZA A RAGE?

Za ku ji wasu na cewa a bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya a koma nama da ƙwai, wasu kuma su ce mai ne abokin gaba. An gwada wannan a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga sakamakon a 2018. Mutum 609 aka raba biyu, rabi suka rage sitaci, rabi suka rage mai, tsawon shekara guda. Masu rage sitaci sun sauke wajen kilo 6, masu rage mai kilo 5 da ɗan kai, bambancin bai taka kara ya karya ba. Dukansu an umarce su da su rage sukari da farar fulawa, su yawaita ganye, su ci girkin gida. Darasin shi ne, tsarin da za ka iya riƙewa shekara da shekaru shi ne naka.

Wani gwajin kuma a 2019, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, an ajiye mutum 20 aka ba su abincin kamfani na leda da gwangwani mako 2, sannan girki na asali mako 2, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori 500 a kullum ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo 1. A makonnin girki kuwa suka sauke kusan kilo 1.

To mu Allah ya yi mana gata, domin abincin da ake nema shi ne na gidajenmu, kuma 'yan'uwanmu ne ke sauke shi a Shasha da Bodija. Ga abin da nake ba da shawara:

Na farko, a fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake zubawa ya wuce ƙaramin cokali 12 a yini ga babba, in da hali ma a tsaya a 6. Mai shan shayi safe da dare da cokali 4 kowane kofi, ya ƙara da lemo ɗaya da rana, ya sha cokali 20. Malt ɗin da ake cewa yana ƙara jini, sukari ne fal a ciki. Zoɓo da kunun zaƙi da fura su ma in an cika musu sukari duk tafiyar ɗaya ce. Zuma ma a lissafin sukari take. Ko gwamnati ta san da wannan, shi ya sa a dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari.

Na biyu, a gyara kwano. Rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu, kwata ya zama wake ko kifi ko ƙwai ko nama marar kitse, kwata ɗaya tak ya rage wa tuwo ko shinkafa ko teba ko amala ko sakwara. Mai cin malmala uku ya koma biyu, in ya saba ya koma ɗaya da rabi, ya yawaita miya. Miyar kuka da kuɓewa da ayoyo ba su da laifi, man da ake malala musu ne matsalar. Kwaɗon zogale da na rama, da alayyafo da kabeji da yalo da kokwamba suna cika ciki da kalori kaɗan. Ma'aunin da aka bayar na ganye da 'ya'yan itace shi ne giram 400 a yini. Tuwon dawa da na gero da acca, waɗanda ba a cire musu dusa sarai ba, sun fi farar shinkafa da farin burodi riƙe ciki, kuma ba sa tayar da sukarin jini da sauri kamar su.

Na uku, a yi hattara da soye-soye. Wake ɗaya ne ake yin ƙosai da alale da shi, amma ƙosai ya sha mai, alale kuwa turara shi aka yi. Haka doya dafaffiya da soyayya. Tsire da balangu a zaɓi tsoka a bar kitse, kuma kada a mai da su abincin kowane dare.

Na huɗu, gishiri. Shi ba ya sa kitse, amma yana tayar da jini. Abin da aka ƙayyade bai kai giram 5 a yini ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da taliya. Dunƙulen miya kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Iyayenmu mata, a rage dunƙule a koma wa daddawa da citta da tafarnuwa da albasa.

Wanda ya rage kalori 500 a yini zai riƙa sauke wajen rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya abin ya ɗan ja baya domin ƙaramin jiki ba ya kashe abin da babba ke kashewa. Wannan ba alamar an gaza ba ce, sannu ba ta hana zuwa.

IRE-IREN MOTSA JIKI DA AIKIN KOWANNE

Kada wani ya ce to tunda abinci ne babba, motsi ba shi da amfani. A 1953 wani likitan Ingila, Jeremy Morris, ya bincika ma'aikatan bas mai bene na birnin Landan kimanin 31,000. Direba yana zaune duk yini, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi yawa a direbobi, mutuwar farat ɗaya kuwa a cikinsu ta kusan ninka ta kwandastoci. Direbobinmu na tirela da 'yan zaman benci, wannan magana taku ce. Motsi yana sauke jini, yana rage sukari, yana rage kitsen ciki, yana gyara barci, ko da sikeli bai motsa ba.

Iri na farko shi ne mai sa haki, wato tafiya da sauri, sassarfa, tuka keke, iyo, ƙwallo. Shi ne ke ƙarfafa zuciya da huhu, kuma shi ya fi ƙona kalori. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Ga yadda za ka gane: in kana iya magana amma numfashinka ya ɗaga, matsakaici ne. In ba ka iya haɗa kalmomi huɗu ko biyar sai ka tsaya ka shaƙi iska, mai tsanani ne. Minti 150 kuwa minti 30 ne sau 5 a mako, kuma ana iya yanka shi 10, 10, 10. Maganar taku 10,000 da wayoyinku ke ƙirgawa, asalinta tallar wata na'ura ce a Japan a 1965. Binciken da aka tattara a 2022 ya nuna wanda ya haura shekara 60 yana samun mafi yawan amfanin daga taku 6,000 zuwa 8,000, wanda bai kai ba kuma daga 8,000 zuwa 10,000.

Iri na biyu shi ne na ƙarfafa tsoka. Daga shekara 30 tsokar mutum takan fara raguwa a hankali, bayan 60 kuma abin ya ƙara sauri. Sannan duk mai rage abinci, ba kitse kaɗai yake saukewa ba, har da tsoka. Tsoka kuwa ita ce babbar mai sayen sukarin da ke jini, kuma ita ke ɗaga dattijo daga tabarma ba tare da ya dafa bango ba. An ce a yi wannan aƙalla kwana 2 a mako. Ba sai ka je gidan ɗaga ƙarfe ka biya kuɗi ba. Ka zauna a kujera ka miƙe ba tare da dafawa ba sau 10 ko 12, ka huta, ka sake. Ka dafa bango ko benci da tafin hannu kana matso da ƙirjinka kana turawa. Ka cika galan biyu da ruwa ka ɗauka kana zagaya tsakar gida. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, ka ga ma'auninka a hannunka yake.

An gwada biyun nan a Jami'ar Duke ta Amurka aka buga a 2012. Masu motsin haki sun fi rage kitse da nauyi. Masu ɗaga ƙarfe tsokarsu ta ƙaru amma sikeli bai sauka ba. A 2017 kuma aka gwada dattawa 160 masu ƙiba, aka haɗa wa yawancinsu rage abinci da motsi iri daban-daban na wata 6. Waɗanda aka haɗa wa rage abinci da motsin sun sauke wajen kashi 9 cikin 100 na nauyinsu, sai dai waɗanda suka haɗa motsin haki da na tsoka su suka fi samun ƙarfin tafiya da tashi da hawa matakala. Saboda haka a haɗa su.

Iri na uku shi ne mai gajeren lokaci da zafi, wato ka yi gudu ko hawan tudu na minti 1, ka yi tafiya minti 2, ka sake, har sau 6 ko 8. Yana gina ƙarfin zuciya cikin ɗan lokaci, amma wajen rage kitse bai fi doguwar tafiya da wani abin a zo a gani ba. Wannan na matasa ne da waɗanda jikinsu ya riga ya saba. Tudun Mokola yana nan, filin wasa na Adamasingba ma ga shi a maƙwabtanmu.

Iri na huɗu shi ne motsin yau da kullum wanda ba a ɗauke shi atisaye ba. Sauka daga mota tun kafin a iso, tashi daga benci duk bayan rabin awa, zuwa banki ko masallaci da ƙafa, shara, wanki, daka. Tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci tana rage tashin sukari a jini. 'Yan dako da 'yan ga-ruwa da masu tura baro sun riga sun biya wannan, su abin lura a wurinsu shi ne lemon kwalba da gishiri da awon jini.

Abubuwa biyu ne nake so a daina wahala a kansu. Kwanciya ana naɗe ciki ana tashi yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen tumbi ya narkar, domin jiki daga ko'ina yake ɗiban kitse. Haka mai sa rigar leda ya yi gudu a rana don ya yi gumi, ruwa ne ya fita, yana sha zai dawo, ƙodarsa kawai ya wahalar.

RIBAR DA KE CIKI

Ba sai mutum ya koma kamar yana ɗan shekara 20 ba. A Amurka an ɗauki mutum 3,234 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka buga sakamakon a 2002. Wasu aka ba su maganin metformin, wasu aka ce su sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiyar minti 150 a mako. Magani ya rage kamuwa da kashi 31 cikin 100, gyaran ci da tafiya kuwa ya rage da kashi 58, a waɗanda suka kai shekara 60 ma har kashi 71. Kashi 7 ga mai kilo 90 kilo 6 ne da ɗan kai. A Birtaniya kuma, a binciken da aka fitar a ƙarshen 2017, masu ciwon sukarin da bai daɗe ba aka sa su tsarin rage abinci mai tsanani a ƙarƙashin kulawar asibiti. Bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. Masu ciwon gwiwa su ma su sani, kowane kilo 1 da aka sauke yana rage wa gwiwa nauyin wajen kilo 4 a kowane taku.

AZUMI DA MAGUNGUNA

Wani zai ce ai muna azumi. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mai azumin Ramadan yakan sauke kilo 1 da ɗan kai, amma makonni kaɗan bayan Salla yawancinsa ya dawo. Kowa ya san dalili, in ya tuna ƙosai da soyayyar doya da kunu mai sukari da lemon da ake jerawa a buɗa-baki. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin abin da aka karantar game da cika ciki, na bar musu wannan fage.

Shayin rage tumbi da ake talla a mota da waya, da yawansa filasko ne da dangoginsa masu sa gudawa. Ruwa suke fitarwa. An kuma sha kama irinsu da sibutramine a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Duk abin da babu lambar NAFDAC kada a kusance shi. Allurar semaglutide da ake ji yanzu kam tana aiki, a gwajin 2021 masu yin ta sun sauke wajen kashi 15 cikin 100, amma da suka daina, cikin shekara kashi biyu bisa uku na nauyin ya dawo. Ga tsada, kuma sai likita ya rubuta. A ɗaya ɓangaren kuma, ina roƙon iyaye su sa ido a kan ƙwayoyin sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi jiki kafin biki. Akwai dexamethasone a cikinsu, kumburi yake sawa, ya tayar da sukari da jini, ya raunana ƙashi.

Gargaɗi na ƙarshe: mai ciwon zuciya, da mai shan maganin sukari ko yin allurarsa, da mai juna biyu, su ga likita kafin su fara. Kada kowa ya ajiye maganinsa da kansa don ya ga ya rame. Wanda yana tafiya ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba tare da ya rage komai ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, shi ma asibiti ya nufa a auna sukarinsa.

ROƘONA GA ƘUNGIYA

Ranka ya daɗe, shugaba, ina roƙon abubuwa huɗu. A sayi sikeli da tef da na'urar awon jini a ajiye a ofishin ƙungiya, a nemi ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa ranar taro. A kafa ayarin tafiya bayan asuba, kowace shiyya da jagoranta, domin mai tafiya shi kaɗai ruwan sama ɗaya ke mayar da shi gida. A nemar wa iyayenmu mata wuri mai sirri, kamar farfajiyar makarantar Islamiyya bayan an tashi, inda za su haɗu su motsa da mace mai koya musu, mu maza kuma mu ba da izini da goyon baya. Sannan a tarukanmu da bukukuwanmu a fara rage katan-katan na lemo a ƙara ruwa da kankana da lemon zaƙi.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.